Lacca kan nau'o'in data a yaren C: daga char zuwa pointer

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna jina? To madalla. Abu huɗu zan taɓo yau in sha Allahu.

Na farko, ita kwamfuta ba ta san harafi ba, sifili da ɗaya kawai ta sani, kai mai rubuta kod kai ne za ka ce mata wannan gurbin na memori bayit kaza ne (bayit ɗaya bit takwas ne, kowane bit sifili ne ko ɗaya) kuma ga yadda za a karanta shi. Haka Dennis Ritchie ya gina C a Bell Labs wajen 1972. char bayit ɗaya ne, 65 ke ciki amma ka ce a buga shi a harafi sai A ta fito. float da double na lambobi masu ɗigo ne, float bayit huɗu, double bayit takwas.

To amma int, na lambobi marasa ɗigo, don Allah ku tsaya nan, nan fa nake so ku tsaya. Yawanci bayit huɗu ne, bit 32 kenan, iyakarsa 2,147,483,647, ka ƙara ɗaya a kai C ba za ta ce maka uffan ba, sau da yawa sai kawai ka ga lambar ta koma ƙasa da sifili kuma shirin na ta tafiya abinsa. A 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ko minti ɗaya ba ta yi da tashi ba, saboda an ɗura lamba mai bit 64 a gurbi mai bit 16, da yaren Ada ma aka rubuta amma ciwon ɗaya ne. Kuma na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1970 a bit 32, ran 19 ga Janairu 2038 gurbinsu zai cika. Wallahi ku riƙa tambayar kanku, lambar nan ina za ta kai?

Na uku, au na biyu, waɗanda ake ginawa daga na farkon. array jeri ne iri ɗaya daga sifili ake ƙirgawa, struct haɗa iri daban-daban, union gurbi ɗaya ake karɓa-karɓa... na'am ɗan'uwa, ɗaga murya.

Yana tambaya wai pointer, wato gurbin da ke riƙe adireshin wani gurbi a memori, na char ya fi na double ƙanƙanta? A'a, adireshi ne duka, a na'ura mai bit 64 bayit takwas kowanne. Bambancin a taku yake, ka ƙara ɗaya na char ya matsa bayit ɗaya, na double ya tsallake takwas. Miƙo min alli in zana muku.