Jere ma fasaha ce: laccar da aka gabatar a Kaduna

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa uku zan taɓa, in lokaci ya bari.

Na farko, mece ce wannan fasahar girke? Mai fasaha ne zai ɗauki ɗaki guda ya shirya kaya a ciki, kai kuma ka shiga, ka taɓa, ka saurara. Aikin ba ya cika sai da kai. Christian Boltanski, Bafaranshe, ya rasu a 2021, ya riƙa naɗar bugun zuciyar mutane yana tarawa a tsibirin Teshima na Japan. Ka je ka ji na wani, ka bar naka.

Amma ni fa, jama'a, kafin in san wani Boltanski na san ɗakin kakata. Jere! Kwalla bisa kwalla har rufin ɗaki, langa, tasoshi an goge su da toka suna ƙyalli, ga gadon ƙarfe mai rumfa. Hajiyoyin gaba suna dariya, sun san zancen. Wannan ba girke ba ne? Kowace kwalla da mai ita. Wannan gwaggo ce ta kawo ranar biki, waccan da kuɗin ƙuli-ƙuli aka saye ta. Ka buɗe murfi kuma ba tuwo za ka gani ba: goro, turare, tsohon hoto, katin aikin kakanmu na masaƙar Kakuri, wadda aka buɗe a 1957. Baƙuwa ta shigo, ido ya yi sama, ta ƙirga a zuci, ta fita da labari. Ta ƙirga fa! Kishiya ma ta ƙirga. Mu yara an hana mu taɓawa, shi ya sa muka san abin da ke cikin kowace ɗaya. Yanzu an kwashe su an ba 'yan gwangwan, an karɓi roba. Roba!

Na huɗu... na biyu ko? Halin ɗan Adam. A 1991 wani mai fasaha, Felix Gonzalez-Torres, ya zuba alewa mai nauyin fam 175 a kusurwar ɗaki, nauyin wani na kusa da shi da ya rasu, kowa ya ɗauki ɗaya. Wani ya ɗauka, wani kunya ta hana shi, wani ya cika aljihu. In a nan ne, kun san sauran.

Na'am, Baba?

(Wani dattijo: Malam, ina da kaset na muryar mahaifiyata, saƙon da ta aiko mini daga Makka. Rediyon ce babu.)

Allah Ya jiƙanta. Baba, kada ku bari yara su sa shi a kowace rediyo, tana iya cinye zaren. A leƙa Kasuwar Barci a nemo mai lafiya, a fara gwada ta da wani kaset, sannan a naɗi muryar a waya. In kun yarda, mu aza rediyon a kan tabarma, da kwalla ɗaya a gefe, jikoki su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Ku same ni bayan La'asar.