Rami, katanga da kurangar inabi: yini guda a tsibirin Lanzarote

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Malam Isufu, wanda ya yi shekaru yana aikin malamin gona a jihar Tawa. Malam, barka da hutawa.

Malam Isufu: Barka kadai, Hadiza. Ina gajiya?

Hadiza: Ba gajiya, Malam. Ga kuma Maryam ta dawo mana daga tafiya. Maryam, hoton da kika turo ya hana ni sukuni. Ƙasa baƙa ƙirin kamar an zuba gawayi, ga ramuka jere har iya ganin ido, kowane rami da ɗan kore a tsakiyarsa. Ina ne wannan?

Maryam: Anti Hadiza, Lanzarote ke nan, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari. Ƙasar Sifen ce ke mulkinsu, amma idan kika duba taswira a gefen Afirka suke. Tsakanin Lanzarote da gaɓar Maroko bai wuce kilomita 125 ba. Har ƙurar Sahara tana kai musu ziyara, irin hazon nan namu na hunturu, su suna kiranta kalima. Wurin da ke cikin hoton kuma sunansa La Geria, gonakin inabi ne.

Malam Isufu: Inabi a cikin gawayi?

Maryam: Tokar dutse mai aman wuta ce, Malam. Tafiyar ƙafa muka yi da ɗan jagora, mu goma sha biyu, daga safe zuwa azahar. Tsarin shi ne a fara da duwatsun, a ratsa gonakin, a ƙare a gidan da ake matse inabi, inda masu so za su ɗanɗana giyar da ake yi a wurin.

Hadiza: Za mu zo kan wannan ta ƙarshen, domin na san tambayar da ke bakin masu saurare. Fara mana da dutsen.

Maryam: Mun fara da wani dutse da ake kira Caldera de los Cuervos. Ba shi da tsayi sosai, zagaye shi kusan kilomita 4 ne, kuma gefensa ɗaya ya tsage, ta nan ake shiga har cikinsa. Da muka shiga sai iska ta ɗauke ɗif, kowa ya yi shiru. A nan ɗan jagora ya ce mana inda muke tsaye ne wutar ta fara ɓullowa, a daren 1 ga Satumba 1730. Limamin cocin wani ƙauye mai suna Yaiza, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abin da idonsa ya gani, rubutunsa ne ake dogara da shi har yau. Kuma ba kwana ɗaya ko wata ɗaya aka yi ba, sai 1736 ƙasar ta lafa.

Malam Isufu: Shekara shida! Inna lillahi. Mutanen fa?

Maryam: Ƙauyuka da dama sun binne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin ya rufu. Abin da ya fi ciwo, wurin da ya rufu shi ne fadamarsu mafi albarka, inda suke noman alkama da sha'ir. Wasu sun tsallaka zuwa sauran tsibiran, wasu suka zauna.

Hadiza: Yanzu babu abin da ke tsirowa a kan dutsen?

Maryam: Da farko haka za ki zata. Amfanin ɗan jagora ke nan. Ya sa muka durƙusa, ya nuna mana wata irin gansakuka fara-fara da ta manne a jikin dutse. Ya ce ita ce ke fara zama, tana cin dutsen sannu a hankali har ya zama ƙasa. Kusan shekara 300, amma aikin nata yanzu ya soma. Akwai kuma wasu ƙananan duwatsu kore shar masu ƙyalli a cikin baƙin dutsen. Ya gargaɗe mu kada kowa ya ɗauki ko ɗaya, kuma kada a sauka daga kan turba, saboda sawun ƙafa a tokar nan yana daɗewa bai goge ba. Na ji daɗin yadda ya tsare wannan doka, bai yi wa kowa kara ba.

Malam Isufu: To ɗiyata, kai ni gonar. Tun ɗazu ramukan nan nake jira.

Maryam: Malam, ga yadda abin yake. Tokar da ta zubo ba gari ba ce, ƙananan tsakuwa ce mai huji-huji, mara nauyi, su suna ce mata pikon. A La Geria kaurinta ya kai mita biyu ko uku a wasu wurare. Ƙasar noma ta asali tana nan a ƙarƙashi, ba ta mutu ba. Sai manoman suka riƙa haƙa rami mai faɗin baki, kamar ƙwarya, har su tarar da tsohuwar ƙasar, su dasa kurangar inabi guda ɗaya a gindin. Wani ramin idan na shiga ba za a hango kaina ba. Sannan a bakin ramin su jera duwatsu, katanga gajeruwa mai siffar rabin wata, ba siminti ba laka.

Malam Isufu: Katangar wane gefe take fuskanta?

Maryam: Duk gefe guda, arewa maso gabas, inda iskar teku ke fitowa. Iskar nan ba ta hutawa, Malam. Gyalena sai da na ɗaure shi sau biyu.

Malam Isufu: Ruwa fa? Ban ga rijiya ko bututu a hoton ba.

Maryam: Babu ban ruwa. Ruwan saman da suke samu a shekara kusan milimita 150 ne.

Malam Isufu: Wannan ai bai fi na Agadas da wani abin kirki ba. A haka ake inabi?

Maryam: Tsakuwar ce ke aikin. Idan an yi ɗan ruwa, nan take yake zurarewa ƙasa, ba ya gudu. Da rana kuma ta zama murfi, ta hana danshin tashi. Da dare iskar teku tana zuwa da laima, raɓa ta sauka a kan tsakuwar. Ɗan jagora ya ce in tura hannuna. Sama zafi kamar kaskon tuya, amma da na nutsa zuwa wuyan hannu sai na ji sanyi da danshi. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar.

Hadiza: Malam, na ga kana ta gyaɗa kai.

Malam Isufu: Domin na san ɗan'uwan wannan aiki. Mu a Tawa, wajen Illela da Badagishiri, akwai ƙasar da ta zama fako, ta yi tauri, ko an yi ruwa sai ya wuce ta kai. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne tassa. Ka haƙa ƙaramin rami da rani, ka zuba taki, idan ruwa ya sauka ya taru a ciki, ka shuka hatsi ko dawa. Gara ma tana taimakawa, tana bin takin tana buɗe ƙasa. A Burkina Faso suna ce masa zai, kuma marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna a kansa har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Muna kuma yin rabin wata, amma namu da ƙasa ake tada shi, wani lokaci a ƙarfafa da dutse.

Hadiza: Ashe abu ɗaya ne.

Malam Isufu: A'a, kada mu yi gaggawa. Kama da wane ba ta wane. Rabin watanmu bakinsa yana kallon tudu, don ya tare ruwa mai gudu. Nasu, yadda Maryam ta faɗa, iska yake tarewa. Raminmu tarkon ruwa ne da taki, nasu kuwa hanya ce ta isa ga ƙasar da aka binne. Idan wani ya ji mu ya je ya kwaikwayi nasu a fako, zai sha wahalar banza, domin ba shi da tsakuwar. Inda muka haɗu shi ne rufe ƙasa. Manomin da ke barin karan dawa a gona bayan girbi, maimakon ya ƙone, aikin tsakuwar nan yake yi.

Maryam: Su ma sun gane haka, Malam. A sassan tsibirin da tokar ba ta kai ba, ɗebo ta suke yi su shimfiɗa a gona, su shuka albasa da dankali.

Malam Isufu: Ka ji manoma.

Hadiza: To Maryam, mu zo kan giyar. Ke musulma ce, kuma wani zai ce me ya kai ki.

Maryam: Tambaya ce mai kyau, kuma na yi wa kaina ita tun kafin in biya kuɗin. Na rubuta wa masu shirya tafiyar na ce ba na shan giya, ba kuma zan zauna a teburin da ake sha ba, gonar nake so in gani. Suka ce ba matsala. Da muka isa, sauran suka shiga rumfa, ni kuma aka kawo mini nawa a waje, gindin wani ɓaure da shi ma a rami aka dasa shi. Watan Yuli ne, an fara girbi, domin su suna cikin masu riga kowa tsinkar inabi a ƙasashen Turai. Aka ba ni nonon inabi da aka tsinko da safen nan, da cukun akuya, da ƙananan dankalin Turawa da ake dafawa da gishiri mai yawa har bayansu ya yamutse, ana dangwala su a wani yaji mai tafarnuwa da suke kira moho.

Hadiza: Inabin ya ɗanɗanonsa?

Maryam: Ƙanana ne, ba su kai na kasuwa girma ba, amma zaƙin ya tattaru wuri guda, da ɗan tsami a ƙarshe. Sunan irin Malvasía Volcánica, shi ne suka fi alfahari da shi.

Malam Isufu: Su na cikin rumfar me suke yi? Ina jin ana cewa ɗanɗano, ban san yadda ake yi ba.

Maryam: Ina hango su daga inda nake. Kala uku aka zuba musu, kaɗan-kaɗan a gindin kofi: fara, ja, da wata mai zaƙi. Sai su juya kofin, su shinshina, su kurɓa, wasu ma su tofar a wani bokiti da aka ajiye. Mai gidan yana bayanin kowane iri da gonar da ya fito. Wata dattijuwa Bajamushiya da muka yi tafiyar tare ta ce mini tana jin kamar gishiri-gishiri a farar, wai iskar teku ce. Sana'ar ta daɗe a wurin. Akwai gidan matsa mai suna El Grifo da aka kafa tun 1775, yana aiki har yanzu. Kuma wani ƙwaro da ya cinye saiwar inabin Turai a ƙarni na 19 bai shiga tsibiran ba a wancan lokaci, shi ya sa ake samun kurangar da ta haura shekara ɗari a raminta.

Hadiza: Ni dai gaskiya da ni ce, da na tsaya a gonar na juya.

Maryam: Kuma da ba ki yi laifi ba, Anti. Akwai masu yin tafiyar duwatsun kaɗai. Abin da ya sa na ƙarasa shi ne ina so in ji lissafin. Hekta guda a La Geria ɗaruruwan kuranga kaɗan take ɗauka, alhali a wasu ƙasashe dubbai ake dasawa. Tarakta ba ta shiga. Iska kullum tana mayar da tsakuwa cikin ramin, sai an bi da shebur an kwashe. Katanga ta zube, da hannu za a tayar. Lokacin girbi mutum zai sauka rami, ya tsinka, ya hau da kwando, ya sake sauka na gaba. Da can raƙuma ne ke ɗaukar kayan, waɗanda aka kawo daga Afirka ɗaruruwan shekaru da suka wuce, yanzu galibinsu baƙi 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka a Timanfaya, gandun duwatsu masu aman wuta na tsibirin. Idan a kasuwa za a sayar da inabin nan a matsayin kayan marmari, ba zai biya wahalar ba. Kwalbar giyar da baƙon da ke zuwa su ne ke riƙe da katangun.

Malam Isufu: Waɗanda kika gani cikin ramukan, matasa ne?

Maryam: Yawancinsu masu furfura ne, Malam. Na kuma ga ramukan da aka bari, sun cike, kurangar ta bushe. Ɗan jagoranmu ya ce na kakansa ma suna cikinsu, aikin otal ya fi sauƙi kuma albashinsa tabbas ne. Da ya faɗi haka muryarsa ta canza.

Malam Isufu: Wannan ciwon na san shi. Tassa ma aikin rani ne, lokacin da samari suka tafi cin rani. Mata da tsofaffi ake bar wa diga. Ramin da ba a sake haƙawa, shekara biyu uku ya shafe.

Hadiza: Ga wanda Allah ya kai shi can, me zai riƙe?

Maryam: Takalmi rufaffe, domin dutsen yana yanka kamar kwalba. Ruwan sha da yawa, inuwa babu. A fita da sassafe. Kuma wanda ba ya sha ya faɗa tun wajen yin rajista, kada ya bari sai an miƙo masa kofi.

Malam Isufu: Ɗiyata, ina da roƙo. Kin ɗauki katangar nan daga kusa, yadda suka jera duwatsun?

Maryam: Na ɗauka, Malam. Har da ɗan bidiyo. Sun bar ƙofofi tsakanin duwatsun da gangan, don iska ta ratsa a hankali maimakon ta ture katangar.

Malam Isufu: Shi nake so. Muna da masu dashen itace da iska ke kashe musu shuka tun tana ƙarama, kuma dutse ba ya yi mana wuya a Adar. Turo mini ta WhatsApp, ranar kasuwar Badagishiri zan nuna musu, mu ji abin da za su ce.

Maryam: Yau da dare in sha Allahu.

Hadiza: Masu saurare, a nan za mu dakata. Malam Isufu, Maryam, na gode. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.