Kafin a Sauke Injin, a Cire Wayar Fulogi

Assalamu alaikum. Tun da bidiyon nan na tsohuwar mota mai ƙwanƙwasa ya zagaya wayoyi, kowa sai ya ce "inji ya buga, a sauke shi." Ku dakata tukuna. Wannan Peugeot 504 ce, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, muna gareji a Ƙofar Ƙaura a Katsina. Dattijon da ke da ita har an yi masa lissafin kuɗin wani injin.

Mu fara da gwaje-gwaje masu sauƙi, da sauri. Zare ma'aunin baƙin mai, goge, mayar, duba. In fitilar mai ta kama, kashe motar nan take. Tik-tik siriri daga saman inji, tafet ne, wato ƙarfen da ke tura bawul, saiti yake so. Ƙara kamar tsakuwa a gwangwani in ka taka totur a babbar giya, cikin ranar nan ta bazara a hanyar Daura, taimin ne, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi gaba ko fetur ɗin ba shi da kyau. Wadda ke zuwa da sanyin safiya ta ɓace in inji ya ɗumi, galibi fistin ne, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, ya ɗan saki.

To, ku saurari wannan. Dum, dum, daga ƙasa.

Nan ne ake kuskure. Silinda huɗu ne, wayar fulogi huɗu. Inji na sulo, wato yana aiki ba a taka totur ba, ya riga ya yi zafi, sai a cire waya ɗaya. Da filaya mai hannun roba, don Allah, wutar nan dubban bolt ce. Kun ga injin na karkarwa? Mutane da sun ga haka sai su ce an kama ɓarawo. A'a. Kowace waya ka cire zai yi karkarwa, tunda ka hana silinda ɗaya aiki. Ba ido ake sa wa ba, kunne ake kasawa.

Ta farko, ƙara na nan. Mayar. Ta biyu, tana nan. Ta uku... kun ji? Ta yi ƙasa. Mayar da ita, ga ta ta dawo.

Dalili shi ne, kwanrod shi ne ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, sandar da ke juyawa a ƙasan inji, mital kuma shi ne shimfiɗar ƙarfen da ke tsakanin kwanrod da karanshaf; in mital ɗin ya cinye, akwai 'yar tazara tsakaninsa da karanshaf. Duk fashewar wuta sai ta doka shi kamar guduma. Ka ɗauke wutar, ka ɗauke gudumar. In kuwa ka bi huɗun duka ƙara ba ta canza ba, nemi wani wurin: fule (faifan da bel ke juyawa a kansa), famfon ruwa, ko ƙusar da ta kwance.

Ni dai a ganina, bakaniken da bai yi wannan gwajin ba bai kamata ya taɓa sifana ba.

Malam, juye man mu gani. Kun ga ƙyalli kamar garin tagulla? Mital ne. Baba, kada a sake tayar da ita. A buɗe ta ƙasa, a auna karanshaf ɗin, wataƙila a tsira da injin.