Jijiyar tsakiyar gwiwa: yadda take tsinkewa da yadda ake dasa wata

Jama'ar Damagaram, sannunku. Kowa ya ɗora hannu a gwiwarsa. Ƙashin cinya a sama, ƙashin ƙauri a ƙasa, manyan jijiyoyi 4 ne suka ɗaure su: biyu a gefe da gefe, biyu can ciki sun gitta juna. A kan ta gaba cikin na cikin nan za mu tsaya. Tsawonta santimita 3 ne da ɗan ɗoriya, amma ita ke hana ƙauri zamewa gaba, ita ke riƙe gwiwa in ta murɗa.

Galibi in za ta tsinke, ba wanda ya taɓa mutum. Ɗan ƙwallo ya kafa ƙafa zai yanke, ko ɗan kokawa ƙafarsa ta nutse a yashi jiki ya juya ya bar ta, sai a ji ƙas! Kafin dare gwiwa ta kumbura, jini ya taru a ciki.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Kumburi ya sace, tafiya ta dawo, sai a ce targaɗe ne. Maɗori ya san ƙashi, amma nan ƙashi lafiya lau yake, hoton radiyo kuma ba ya nuna jijiya. Gwiwa ta riƙa kuɓuce wa mutum, duk kuɓucewa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan. Likita da hannu yake farawa: ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya jawo ƙauri gaba. Gwajin Lachman ke nan. Hoton IRM, na'urar da ke nuna har jijiya, ke tabbatarwa.

Me ya hana a ɗinke ta kawai? Tana kwance ne cikin ruwan gaɓa, jini ba ya samun daskarewa ya haɗa bakin biyu. Don haka dasa wata ake yi, galibi daga jikin mai ita. Ko a yanki kashi ɗaya cikin uku na jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa, da ɗan ƙashi a kowane baki, hanyar da ta samo asali daga wadda likita Kenneth Jones na Amurka ya bayyana a 1963, ko a zaro biyu daga bayan cinya a ninka su huɗu. Da ƙaramar kyamara ake leƙawa, a huda ƙashin sama da na ƙasa daidai mazaunin tsohuwar, a zura sabuwar a kafe. Hujin ya kauce kaɗan, gwiwa ta sage ko ta yi sako-sako.

Ba kowa ke buƙatar tiyata ba. Wanda harkarsa ba ta tsalle da juyi ba ce, ƙarfafa naman cinya na iya wadatar da shi.

Wanda aka yi wa kuwa, don Allah ya saurara. Wajen wata na biyu zuwa na uku ciwo ya lafa, amma a lokacin ne dashen ya fi rauni, domin jini bai gama ratsa shi ba. Motsa jiki wurin kine, wato ma'aikacin lafiya mai motsa gaɓoɓi, ba fashi. Komawa fili sai bayan wata 9 aƙalla, kuma sai an gwada ƙarfin cinyar an ga ya kusa kamo na ɗayar.