Madurai, garin da ba ya barci

Ku ɗan kasa kunne. Taka-taka-tak, taka-taka-tak. In ka rufe ido sai ka rantse wani makaɗi ne ya samu ganga. To, ba kiɗa ba ne, girki ake yi. Ƙarfe ɗaya na dare ta gota, ga mutum tsaye gaban wani faffaɗan kaskon ƙarfe, da ƙarafa biyu masu faɗi a hannu, yana daddatsa gurasa da ƙwai da albasa, yana yaryaɗa romo a kai. Sunan abincin kothu parotta. Garin kuwa Madurai ne, a jihar Tamil Nadu, can kudancin Indiya, a bakin kogin Vaigai. Kirarin da Tamilawa ke yi masa shi ne Thoonga Nagaram, wato garin da ba ya barci.

Masu kallo, yawancinmu ta finafinai muka san Indiya, shi ya sa muke ɗauka duk Ba'indiye Hindi yake ji. A nan Tamil ake yi, harshen da ko dangi ɗaya ba su haɗa da Hindi ba, wanda adabinsa ya kai shekara dubu biyu. Madurai ce cibiyarsa. Nan sarakunan Pandya suka kafa fada, nan kuma tarihin Tamilawa ya ce mawaƙa ke taruwa a majalisar da ake kira Sangam, kowa ya baje baitocinsa a auna su. Ibn Baɗɗuɗa ya shiga garin lokacin da sarakuna Musulmi ke mulkinsa, kafin tafiya ta kai shi Takadda, a Nijar ta yau, a shekarar 1353. Har gobe akwai Musulmi a garin, kuma babban masallacin Kazimar tun ƙarni na 13 yake.

Ku dubi tsohon garin daga sama. Tituna ne masu kusurwa huɗu, wani cikin wani, duk sun kewaye wurin bautar Minakshi, abar bautar mabiya addinin Hindu, mai hasumiya 14, wadda ta fi tsawo ta kai wajen mita 52. Titunan kuma sunayen watannin Tamil suke ɗauke da su: Aadi, Chithirai, Avani, Masi. Mutum na tafiya kasuwa, yana taka kalandar garinsu.

Kafin asuba furanni sun fara isowa daga ƙauyuka. Yasmin ɗin Madurai, wanda suke kira malli, ya yi suna har gwamnatin Indiya ta yi masa rajista da sunan garin a 2013. Ana tsinko shi tun bai buɗe ba. Ku kalli yatsun mai sayar da shi: zare ɗaya, toho biyu, ƙulli, toho biyu, ƙulli, ko kallon hannunta ba ta yi, hira take da maƙwabciyarta. In mai saye ya zo, sai ta miƙe zaren daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kamu kenan, kuma da shi ake ciniki. Mata su ɗaura a gashi, a kai wani wurin bauta, wani gidan biki. Abin da ya fi burge ni da garin nan kenan: al'adarsu sana'a ce da ake ci da ita, kullum sai an tashi an sake yin ta.

Sai busa. Akwai wata doguwar baƙar abar busa, sunanta nadaswaram, 'yar'uwar algaita ce, sai dai ta fi ta tsawo, ƙararta kuma na cika fili ba tare da lasifika ba. Abokiyar tafiyarta ganga ce mai suna thavil. Makaɗin na dukan gefe ɗaya da ɗan guntun sanda, ɗaya gefen da yatsu, kowane yatsa sanye da 'yar hula mai tauri, shi ya sa sautin ke fita tas-tas kamar ana fasa tsakuwa. A wajen Tamilawa busar nan alamar alheri ce. A gidan biki, daidai lokacin da ango zai ɗaura wa amarya zaren aure a wuya, sai makaɗa su ƙure ƙarfinsu, don kada wata muguwar kalma ko atishawa ta shiga kunnen kowa.

A cikin irin wannan sauti aka haifi M. S. Subbulakshmi a 1916. Harafin M ɗin Madurai ne, S ɗin kuma sunan mahaifiyarta, Shanmukhavadivu, mai kaɗa vina, wani babban abin kiɗa mai tsirkiya. 'Yar da ta tashi a wani ɗan lungu kusa da wurin bautar ta je ta yi waƙa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966, kuma a 1998 ta zama mawaƙiya ta farko da aka bai wa Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a Indiya.

Rawa iri biyu ce. Akwai bharatanatyam, wadda ake shekaru ana koya a gaban malami, inda ido da gira da yatsu kowanne ke da maganarsa. Akwai kuma ta ƙauye, irin karagattam, inda mace ke ɗora tulu mai ado a ka tana juyi, tana durƙuso, tulun ko gezau. Ana yin ta ne don girmama Mariamman, wadda suke roƙo ruwan sama. Akwai kuma parai, wata ganga mai fuska ɗaya da ake ɗumama fatarta a wuta kafin a buga. Shekaru aru-aru an raina masu buga ta, an ce aikin ƙasƙantattu ne, na gidan makoki. Yau jikokinsu na buga ta a kan dandamali da alfahari, kuma a ganina sun cancanci wannan tun tuni.

Duk waɗannan suna haɗuwa a bikin Chithirai, tsakanin Afrilu da Mayu. A imanin masu bikin, aure ake ɗaurawa tsakanin Minakshi da Sundareswarar, wato abin bautarsu Shiva. Ɗan'uwan amarya, Kallazhagar, ya taso daga dutsensa, tafiyar wajen kilomita 20, bisa dokin zinariya, yana isowa kogin Vaigai aka ce masa ai an riga an ɗaura. Sai ya tsaya a cikin ruwa, bai shiga gari ba. Da can bukukuwa biyu ne na ɓangarori biyu na addinin, sarki Thirumalai Nayak, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659, shi ya haɗe su wuri guda. Ran da dokin zai shiga kogi, dubban ɗaruruwan mutane ke yin dafifi, wasu rataye da salka suna fesa ruwa sama.

Zafin garin ba wasa ba ne, don haka sai jigarthanda, ma'ana mai sanyaya zuciya: madara da aka dafa ta yi kauri, da ƙaron itacen almon da aka jiƙa ya kumbura, da zaƙin saiwar nannari, a ɗora askirim a kai. Da yamma kuma paruthi paal. Angurya ce, wadda mu dabbobi muke ba, su kuwa su jiƙa, su markaɗa, su tace ruwanta fari, su dafa da mazarƙwaila da busasshiyar citta da kwakwa, a sha da zafinsa.

Wajen ƙarfe tara na dare, a kan ɗauki gunkin Sundareswarar a cikin wani ɗan keɓaɓɓen abin ɗauka zuwa ɗakin Minakshi, nadaswaram na biye, sannan a rufe ƙofofi. A waje kuwa yanzu aka fara. Ana sauke tukunyar idli, ƙullun shinkafa da wake da ya kwana ya tashi, wanda ake turarawa maimakon a soya. Direba da ɗan dako da ma'aikaciyar asibiti da ta tashi daga aiki, kowa da ganyen ayabarsa a gaba. Mai kothu parotta bai gama kankare kaskonsa ba, motar farko ta yasmin ta shigo gari.