Mash ɗin dankalin turawa mai laushi, daga kicin ɗina a Manchesta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya ya iyali ya sanyi, mu dai nan Manchesta tun safe ake yayyafi. Yau mash za mu yi, wato dankalin turawa da aka dafa aka murje shi da bota da madara har ya yi laushi lugub. Da yawanku kun ce kun gwada ya fito muku da gudaji ko kuma ya yi yauƙi yana bin cokali, toh ku matso kusa ku ga inda matsalar take.

Farko dai dankalin kansa. Kun ga wannan buhun, Maris Piper ne, kilo biyu, kusan kowane babban shago a Ingila za ki same shi, Tesco, Aldi, duk suna da shi. A Kambirij aka samar da irin nan, ya fito a 1966, kuma shi mutanen nan suka fi yarda da shi wajen mash da soyayyen dankali. King Edward ma yana yi sosai. Abin da ake nema shine dankali mai gari, wanda in ya dahu yake farfashewa da kansa. Su Charlotte da Jersey Royals kuwa ki bar su wa salak, jikinsu a tsuke yake, ba sa murjuwa da daɗi. 'Yan uwa na Amurka ku nemi Russet ko Yukon Gold. Ku kuma na gida masu sayen na Jos, wanda ake kawowa daga su Bokkos da Mangu, ku zaɓi manya da suka ƙosa, sabon tono mai siririyar fata ruwa ya fi yawa a cikinsa. In kin ga wani waje ya yi kore ko ya fara tsiro ki yanke wajen ki yar, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki.

Kilo ɗaya na ɗiba, na fere, ga shi ina yankawa. Ku duba girman, kamar ƙwan kaza haka, kuma duk su zo kusan ɗaya, don in wani babba wani ƙarami, ƙaramin zai narke ya sha ruwa babban kuma cikinsa da saura, daga nan gudaji ke farawa.

Yanzu ga tukunya, ruwan sanyi na zuba, dan Allah kar ki jira ruwa ya tafasa sannan ki jefa dankali, bayansa zai dahu ya fara zubewa tsakiyar tana nan da tauri. Su hau wuta tare. Gishiri kuma yanzu ake sa shi, cokali ɗaya babba, saboda wanda ya shiga tun a ruwa ya fi ratsa dankalin akan wanda za ki barbaɗa daga baya. In ya tafaso ki rage wuta ya dinga dahuwa a hankali, minti 15 zuwa 20.

Kafin ya dahu bari in faɗa muku abin da ya sa na yi bidiyon nan gaba ɗaya. Mu hannunmu da tuƙi ya saba. Tun muna yara aka koya mana in kina tuwo ki sa ƙarfi a muciya, in sakwara ce ki daka har sai ta yi danƙo tana ja, wannan danƙon shine daɗinta. To mash akasin haka yake so. Cikin dankali cike yake da sitaci a ƙulle cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi, in kika dame shi da ƙarfi ƙwayoyin su fashe sitacin ya fito ya kama juna, shikenan ya zama abu mai yauƙi da nauyi, kuma in ya kai nan babu botar da za ta dawo da shi. Shi yasa blanda ba ta da aiki a nan ko kaɗan, cikin daƙiƙa kaɗan za ta lalata miki tukunya guda. Hannu mai sauƙi kawai ake buƙata, wallahi rabin girkin kenan.

Toh mu duba. Na soka wuƙa, kun ga ta shige ba gardama, dankalin ma ya zame ya faɗo da kansa. Ya yi. Na juye a kwando ruwa ya tsane, sannan na mayar cikin tukunyar na ɗora a ƙaramar wuta kamar minti biyu ina ɗan girgizawa. Ku kalli tururin da ke tashi, ku kalli yadda gefen dankalin ya koma fari yana gari-gari, har wani ɗan farin abu yana kwanciya a gindin tukunya. Ruwan da ya fita yanzu, bota da madara ne za su maye gurbinsa. Mutane da yawa nan suke tsallakewa sai mash ɗinsu ya fito salam ba ɗanɗano.

A ɗaya kan kukar na ɗora madara, kofi ɗaya bai cika ba, ta yi ɗumi kawai ba sai ta tafasa ba. Na jefa tafarnuwa guda biyu da na ɗan fasa, anjima zan tsame su, ƙamshin nake so.

Wannan ƙarfen da kuke gani mai kama da babban abin matse tafarnuwa, shi nake amfani da shi, ki zuba dankali da zafinsa ki danna ya fito siri-siri ta ƙananan hujoji. In babu, rariyar ƙarfe da bayan ludayi sun wadatar, ki dinga dannawa yana wucewa, ya fi cin lokaci amma laushin ma har ya fi. Sharaɗin dai da zafi, in ya huce ya ƙi.

Bota ta fara shiga kafin madara, giram 100 na sa, na yayyanka ƙanana. Wani shahararren mai girki na Faransa, Joël Robuchon, wanda ya rasu a 2018, giram 250 yake sa wa kilo ɗaya, kuma da wannan mash ɗin duniya ta san shi. Ni dai ga cin yau da gobe da yara 100 ya ishe ni, ranar baƙi in ƙara. In man shanu gare ki zai yi, amma ki rage yawa don ƙamshinsa yana da ƙarfi. Ina juyawa da cokalin katako a hankali daga ƙasa zuwa sama, har botar ta ɓace. Sai madara, kaɗan kaɗan, ki zuba ki juya ki duba, don wani dankalin ya fi wani sha. Madarar gari da aka dama da ruwan ɗumi ma tana yi. Kun ga yanzu in na ɗaga cokali yana saukowa a hankali yana sheƙi, toh nan zan tsaya, ba ƙarin juyi. Ɗan masoro, ɗan gyaɗar miya da na goga, in ɗanɗana gishiri. Alhamdulillah.

Turawan nan da sosej da romon albasa suke ci, akwai sosej na halal a shagunan unguwannin Cheetham Hill da Rusholme nan Manchesta ga mai so. Mu yau da miyar kaza mai attaruhu za mu ci, kuma ku gwada ku gani, laushin madarar nan da yajin miyarmu suna tafiya tare sosai. In ya yi saura a sa a firij, gobe a ɗumama a ƙaramar wuta da ɗan madara. Nawa ragowar zan shimfiɗa shi a kan niƙaƙƙen naman rago in gasa a oben, shine bidiyonmu na gaba in sha Allah. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.