Cizon Kare da Aikin Kwamitin Lafiya a Unguwannin Damagaram

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka ɗauka a wani zaman ƴan kwamitocin lafiya na unguwanni a birnin Damagaram. Mai laccar tsohon ma'aikacin kiwo ne.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe masu unguwanni, Allah gafarta malamai, iyayenmu mata, da ƴan uwana ma'aikatan lafiya da na kiwo, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan dabbobin da ke yawo cikin gari da abin da ya rataya a wuyan kwamitin lafiya game da su. Zan tsaya a kan kare fiye da sauran, saboda akuyar da ta shiga gida ta ci hatsi ana biyan ɓarnarta a gaban mai unguwa, amma ɓarnar mahaukacin kare babu mai iya biyanta.

Shekaru da dama da suka wuce ina aiki a wani ƙauye a kudancin jihar nan, kare ya ciji wani yaro ɗan shekara tara a ƙwauri yana dawowa daga kiwon awaki. Samari suka bi karen da sanduna suka kashe shi, suka jefa shi a rami. Aka kai yaron gidan likita, aka ɗaure ciwon, aka yi masa allurar tetanos, ya koma gida, kuma kafin sati biyu ciwon ya warke sarai. Bayan kamar wata biyu sai zazzaɓi ya kama shi, ya daina barci, aka miƙa masa moɗar ruwa ya zabura yana kakari, ƙishirwa na cinsa amma maƙogwaro ya ƙi. Bai yi sati ba ya rasu. Ni da ke riƙe da sha'anin dabbobin yankin, tsakanin ofishina da gidan likitan nan tafiyar ƙasa ce, amma ban ji labarin cizon ba sai ranar jana'iza. Iyayen sun yi abin da suka sani, ma'aikacin likita ya yi abin da ke gabansa, samarin ma sun ɗauka taimako suka yi. Labarin ne kawai bai tashi daga wannan ƙofa ya isa waccan ba, kuma tun daga ranar nake neman wanda aikinsa ne ya kai shi.

Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga ta wurin cizo ko yakushi, sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa yawanci ake yin wata biyu zuwa uku kafin a ga alama, ko da yake tana iya bayyana cikin sati guda, tana kuma iya kai wa shekara. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi haɗari, domin tafiyar ba ta da nisa ko kuma jijiyoyin wurin suna da yawa. Da zarar alama ta bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Amma wannan jinkiri da cutar ke yi a hanya rahama ce daga Allah, domin a cikinsa ne magani yake da ikon riga ta isa.

Maganin farko yana cikin kowane gida. A wanke ciwon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ana zubawa ana cuɗawa, tun kafin a nemi kabu-kabu. Na san abin da wasu za su ce a zuci, cewa a Damagaram ake maganar zubar da ruwa minti goma sha biyar, garin da mace ke tashi tsakar dare tana jiran famfo. Gaskiya ne, amma ko jarka ɗaya ce ta rage a gidan, a ƙarar da ita a kan ciwon nan, in babu a roƙa a maƙwabta. Kada a zuba toka ko barkono ko ƙasa, kada a ƙona gashin karen a ɗora, kuma kada a matsa wa likita ya ɗinke nan take, domin ɗinki yana iya tura ƙwayar ciki.

Daga nan sai allura, a ranar, ba tare da jiran a ga yadda ciwon zai yi ba. Tun ranar 6 ga Yuli 1885, da Luwi Fastor na ƙasar Faransa ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu, duniya ta san cewa wannan mutuwa ana iya tare ta. Allurar ba ɗaya ba ce. Akwai tsarin da ake yi ranar farko, da bayan kwana 3, da bayan kwana 7, akwai kuma wanda ke kai wa sati uku ko huɗu, likita ne zai faɗi wanda ake bi. Idan cizon ya huda fata ya yi jini, akwai wani ruwan magani na dabam da ake zagaye bakin ciwon da shi. Inda ake faɗuwa shi ne allura ta biyu da ta uku, lokacin da ciwo ya bushe, kuɗi ya ƙare, uba ya ga yaronsa yana wasa. A shekarar 2024 ƙungiyar Gavi, wadda ke tallafa wa rigakafin yara, ta buɗe ƙofar tallafi ga wannan allura ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Haƙƙin ɗan kwamiti ne ya tambayi shugaban gidan likitan unguwarsa a fili, yau idan aka kawo yaro, a nan za a yi masa ko sai an tura shi babban asibiti, nawa ake biya, kuma idan aka ɗauke wuta yaya firjin maganin yake kwana.

Sai maganar karen kansa, wadda a nan ne zuciya ke gaba da hankali. Idan an san karen, yana da mai shi, kuma ana iya tsare shi ba tare da ya ciji wani ba, to a ɗaure shi, a ba shi abinci da ruwa, ma'aikacin kiwo ya riƙa duba shi kwana 10. A Faransa ma kwana 15 suke yi, da ziyara uku wurin likitan dabbobi. Dalili shi ne, karen da cutar ta riga ta sauko cikin yawunsa ba ya daɗewa, in ya cika kwanakin nan lafiya lau yana ci yana sha, to lokacin da ya yi cizon ba ya ɗauke da ita. Wannan tsarewa ba ta hana fara allura. Idan kuwa kare ya fito da haukansa sosai, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gifta, dole a kashe shi, amma kada a farfasa kan, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kira ma'aikatar kiwo ta ɗauki abin da za a aika ɗakin bincike. Samarin ƙauyen can da suka jefa kare a rami, shaidar da za ta ceci yaron suka binne.

Yanzu ina kwamiti ya shigo? Kwamitocin lafiya irin namu sun samo asali ne daga shawarar da ministocin lafiya na Afirka suka yanke a Bamako a shekarar 1987, cewa jama'ar wuri su sa hannu cikin tafiyar da gidan likitarsu. A wurare da yawa da na zauna, aikin ya tsuke ya koma ƙirgar kuɗin magani da sa hannu a takarda ƙarshen wata. Wannan aiki ne mai kyau, amma lafiyar unguwa ta fi akwatin kuɗi faɗi. Sha'anin kare a rabe yake gida uku. Wanda aka ciza na ma'aikatar lafiya ne, karen na ma'aikatar kiwo ne, titi da juji da dabbar da ke yawo kuwa na ma'aikatar magajin gari ne, wadda a birnin nan ta kasu gunduma biyar. Kowane gida yana da shugabansa da takardunsa, kuma babu wanda ke zama da su ukun a tabarma ɗaya sai ku, domin a cikinku akwai mai unguwa, akwai liman, akwai uwar da ta san gidan da kowane kare yake kwana.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kowane gidan likita ya ajiye littafi guda na cizo, a rubuta rana, da unguwa, da shekarun wanda aka ciza, da inda cizon yake a jiki, da ko an san karen, da ranakun allura. A ranar da aka rubuta, a kira ma'aikacin kiwo a waya. Wakilin lafiya na unguwa ya bi gida idan ranar allura ta zo ba a ga yaro ba. A kowane zaman wata a buɗe littafin a karanta da ƙarfi. Idan aka ga cizo uku cikin sati guda a lungu ɗaya na Birni ko Zango ko Garin Malam, ba sai an jira wani daga Yamai ya zo ya faɗa mana akwai matsala ba.

Na san abin da jama'a ke fara nema idan an yi cizo, wato a zuba guba. Ni da hannuna na taɓa raka masu zubawa, kuma na ga abin da ya biyo baya. Naman guba ba ya tantance bakin da zai shiga, yana kashe karen gadi mai lafiya, yana kashe kyanwa da ungulu, kuma yana kwana a lungun da yara ke wasa. Bayan ƴan watanni wasu karnuka su sauko daga cikin duwatsu da ƙauyukan kewaye su maye gurbin, domin abincin da ya tara na farko yana nan. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne yi wa karnuka rigakafi. Idan aka samu kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri, kuma aka maimaita shekara bayan shekara, cutar ba ta samun gadar da za ta bi daga wannan kare zuwa wancan. Maƙwabtanmu na Njamena sun yi haka a 2012 da 2013, suka kai wannan adadi, ciwon ya yanke a birnin na wani lokaci, daga baya ya sake shigowa daga waje, abin da ke nuna cewa aikin ba na shekara biyu ba ne kuma ba na cikin gari kaɗai ba ne. Ƙasar Meziko ta dage shekaru da yawa, har a 2019 aka tabbatar mata cewa ta raba mutanenta da mutuwar haukan kare.

Za a ce ai karnukanmu ba su da masu su. A iya zamana cikin aikin nan, mafi yawan karen da ake kira na titi yana da ƙofar da yake kwana da hannun da ke jefa masa ƙanzo, sai dai mai shi yana jin nauyin a gan shi yana jan kare da igiya da rana tsaka. Malamai, Allah gafarta muku, a nan muke neman bakinku. Kun fi ni sanin cewa shari'a ta yarda da ajiye kare domin kiwo da gona da farauta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Wanda ya ajiye shi ya ɗauki amanarsa da ta maƙwabta. Idan liman ya faɗa bayan sallar Juma'a cewa kai kare rigakafi kare ran Musulmi ne, kunyar nan za ta ragu. Wanda ba ya son ja da kansa, yaran gida da samarin fada su ne karnukan suka saba da su, su za su kawo su.

Ku kuma dubi inda karnuka ke taruwa da dare, za ku tarar juji ne, da bayan mahauta, da inda masu abinci ke zubar da saura. Da can ungulu na rage mana wannan aiki, yanzu duk wanda ya girma a garin nan ya san sun yi ƙaranci. Kwashe shara da binne ragowar yanka suna cikin maganin kare, kuma magana ce da kwamiti zai kai gaban ma'aikatar magajin gari a rubuce, ya ajiye kwafi, ya koma ya tambaya.

Yaran da suka fi shiga haɗari su ne masu fita da duhu, almajirai masu bara da dare da ƴan mata masu zuwa ɗibar ruwa da asuba. A koya musu kada su jefi kare, kada su taɓa mai cin abinci ko karya mai shayarwa, kuma in ya taso su tsaya cik maimakon gudu. Mafi muhimmanci, a daina dukan yaro don kare ya cije shi, domin yaron da ke tsoron bulala zai saukar da wandonsa ya rufe ciwon ya yi shiru. Almajirin da iyayensa ke nesa, malaminsa ne uwa da uba, don haka kowane malamin allo ya kamata ya riƙe lambar wayar wakilin lafiya na unguwarsa.

Ga makiyaya da mahauta ina da gargaɗi ɗaya. Saniya da jaki da akuya su ma suna kamuwa idan kare ya cije su. Saniyar da ke dalalar da yawu tana kuka ba ƙaƙƙautawa, kamar wani abu ya maƙale mata a wuya, kada a cusa hannu cikin bakinta a ce za a ciro, kuma kada a yi saurin yanka ta a kai kasuwa. A killace ta a kira ma'aikacin kiwo.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma tun 2015 hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da suke son a daina mutuwa da cizon kare. Ina ba da shawara kafin ranar ta zagayo, kowane mai unguwa ya sa a bi gida gida a ƙirga karnukan unguwarsa, domin da wannan lissafi ne ma'aikatar kiwo za ta san yawan allurar da za ta nema. Na ga Sarkin Fawa ya ɗaga hannu tun ina maganar mahauta. Ranka ya daɗe, bismillah, a miƙa masa abin magana.